Sanarwar Bayan Taron Wakilan Ƙungiyoyin Al'umma na Tambuwal da Kebbe Kan Kusanto da Ababen More Rayuwa da Batun Tashar Jirgin Ƙasa

Muna sanar da jama'a da hukumomi cewa wakilan ƙungiyoyin ci gaban garuruwa, da na manoma da makiyaya, da 'yan kasuwa, da direbobi da 'yan kabu-kabu, da ƙungiyoyin mata da na matasa, tare da wasu malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da suka yi ritaya, sun yi zaman yini guda a garin Tambuwal. An samu wakilai daga Dogon Daji, Sanyinna, Jabo, Romon Sarki, Alasan, Bashire da Barkeji. Daga ƙasar Kebbe kuma an zo daga Kuchi, Fakku, Sangi, Margai, Girkau da Ungushi. An buɗe zaman da addu'a ga 'yan uwanmu da suka rasu a hare-haren 'yan bindiga, da roƙon Allah Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu lafiya.

Tambaya ɗaya aka ajiye a gaban mahalarta: idan mutumin Tambuwal ko na Kebbe ya fito daga ƙofar gidansa ba mota ba babur, me ƙafarsa za ta iya kai shi? A kan wannan aka tattauna ruwan sha, da asibiti, da makaranta, da kasuwa, da hanya, sannan aka daɗe a kan jirgin ƙasa, wanda har yau bai taɓa taka jihar Sakkwato ta yanzu ba.

Ma'aunin da taron ya ɗauka

An saba ba mu labarin aiki da yawan kuɗin da aka kashe da yawan gine-ginen da aka ƙaddamar. Taron ya ce daga yanzu da sawu za mu auna. Mai naƙuda da dare, tafiyar minti nawa ce tsakaninta da ungozoma? Yarinyar da aka aika ɗiban ruwa da asuba, za ta dawo ta riski darasin farko? Yaro ɗan shekara 6 zai iya kai kansa makaranta da damina ba tare da ya ƙetare gulbi ba? Tsoho mai hawan jini zai karɓo maganinsa ya dawo kafin rana ta take? Ginin da waɗannan mutane ba za su iya isa gare shi ba, a wurinmu bai shiga lissafi ba, ko nawa ya ci.

Wannan ma'auni sananne ne a duniya. A muradun ci gaba na Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda Najeriya ta amince da su a 2015, ba a cewa gida ya samu ruwa na matakin farko sai idan zuwa da bin layi da dawowa ba su wuce minti 30 ba. Ana lissafa mutumin karkara a cikin masu hanya idan yana zaune cikin kilomita 2 daga hanyar da ake bi rani da damina. A birane kuma ana son tashar mota ta kasance cikin mita 500, ta jirgin ƙasa cikin kilomita 1. A birnin Paris na Faransa, magajiyar gari ta lokacin, Anne Hidalgo, ta yi yaƙin neman zaɓen 2020 da alƙawarin cewa kowa zai samu buƙatunsa na yau da kullum cikin tafiyar minti 15.

Dattawan taron sun tunatar da cewa a kan wannan tsari aka kafa garuruwanmu tun asali. Tambuwal ribaɗi ne da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna a cikinsa, kuma manufar ribaɗi a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ita ce a tara jama'a wuri guda, da masallacinsu da makarantarsu da kasuwarsu da masu sana'arsu. Rijiya, maƙera, makarantar allo, gidan mai gari, duk mutum yana zaga su da ƙafa tsakanin asuba da hantsi. Sai da jama'a suka yaɗu, unguwanni suka tsallaka bayan gari, ƙauyuka suka haifi tungaye, aka bar ruwa da magani da makaranta a inda suke tun da.

A ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Tambuwal tana da mutum fiye da 220,000, Kebbe kuma fiye da 120,000, alhali ƙasar Kebbe ta fi ta Tambuwal faɗi nesa ba kusa ba. Ma'anar wannan a fili take: a Kebbe jama'a a warwatse suke, kuma rabon ayyuka bisa yawan kawuna kawai zai ci gaba da barin mutumin Kebbe da doguwar tafiya. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, nisa ya zama kuɗi. Abin da ake biyan ɗan kabu-kabu ya kai mara lafiya asibiti yakan cinye kuɗin maganin, shi ma ɗan kabu-kabun ba riba yake gani ba.

Abin da wakilai suka kawo daga garuruwansu

Ruwa shi ne ya fi cin lokacin zaman, kuma mata ne suka fi magana a kai. Kukan bai tsaya ga rashin haƙa rijiyar burtsatse ba. Akwai garuruwan da tankin sola yake tsaye, fanfon tuƙa-tuƙa yana nan, amma ba ɗigon ruwa, saboda injin ya ƙone ko an sace faranti ko wani ɗan ƙarfe ya karye, ba a kuma san wa ke da alhakin gyara ba. Sai a koma tafki da tsohuwar rijiya, ko a jira mai kura da jarkokinsa. Da bazara, idan rijiyoyi suka ja baya, 'yan mata ne ke biyan farashin da karatunsu.

Ta fuskar lafiya, manufar ƙasa ita ce kowace mazaɓa ta samu aƙalla cibiyar lafiya ɗaya mai aiki sosai, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kula da lafiya a matakin farko. Tambuwal tana da mazaɓu 11, Kebbe tana da 10. Taron ya lura cewa mazaɓa guda a Kebbe tana iya ƙunsar ƙauyukan da ke nesa da juna ƙwarai, don haka cibiya ɗaya a hedikwatar mazaɓa ba ta kusanto da kowa ba. Wakilai sun kuma ce sau da yawa ginin yana nan, amma da la'asar an rufe, domin ma'aikacin a wani gari yake kwana. Haihuwa kuwa ba ta duba agogo. Idan abu ya rikice, sai a nemi motar da za ta kai babban asibiti, daga nan wataƙila a ce sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tafiyar kimanin kilomita 100 daga Tambuwal, ban da abin da mutumin Fakku ko Sangi ya riga ya sha kafin ya hau kwalta.

Makarantun firamare sun fi sauran abubuwa kusa da jama'a, wannan taron ya yaba. Matsalar tana farawa daga ƙaramar sakandare. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9 kyauta, amma uban da zai bar ɗiyarsa mai shekara 12 ta bi hanyar daji kullum zuwa wani gari, a wannan yanayi na tsaro, ba shi da yawa, kuma taron bai ga laifin wanda ya hana ba. A nan ne yawancin 'yan matanmu ke ajiye littafi.

Game da hanya, babban titin Sakkwato zuwa Jega ya ratsa ƙasar Tambuwal, kuma duk wanda ke bakinsa yana cin moriyarsa. Wanda ke ciki kuwa, da ruwa ya zauna sai kwalbati ɗaya da ta karye ta raba shi da kasuwa har kaka. Albasa da tattasai da tumatir ba sa jira. Taron ya tuna da kifewar kwale-kwale a maƙwabciyarmu Shagari a 2022 da 2023, inda yara da dama suka rasu, wasunsu a kan hanyar neman itacen girki. Abin da ya tura su kan ruwa, shi ne dai ke tura namu yaran nesa da gida.

Batun jirgin ƙasa

Layin dogo ya isa Kano a 1911. Reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, domin Turawa auduga da gyaɗa suke nema, kuma a can suka ga buƙatarsu ta biya. An kai dogo Nguru a 1930, an kai Maiduguri a 1964. Sakkwato, cibiyar Daular Usmaniyya kuma hedikwatar tsohuwar Jihar Arewa maso Yamma, ba a kai mata ba. Tasha mafi kusa da mu tana Gusau ko Ƙaura, fiye da kilomita 200 ko ta Talata Mafara aka bi ko ta Gummi da Anka, kuma wannan reshe ya daɗe ba ya jigilar fasinja yadda aka san shi da. Akwai dattawa a zauren taron da ba su taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a hoto.

A shekarun nan an buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, na Warri zuwa Itakpe a 2020, na Legas zuwa Ibadan a 2021. A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Taron yana taya 'yan uwanmu na waɗannan wurare murna da zuciya ɗaya. Sai dai muna tunatar da Ma'aikatar Sufuri ta Tarayya cewa tun zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, a cikin layukan da ta ce tana nazari a kansu akwai na Ƙauran Namoda zuwa Sakkwato da Illela har Birnin Ƙonni, akwai kuma na Illela zuwa Sakkwato da Jega da Yawuri. Wannan na biyun shi ya fi shafar mu, domin wanda ya tashi daga Sakkwato zai je Jega, ta ƙasarmu hanyarsa take. Haka nan a watan Oktoban 2024 an ƙaddamar da babban titin Sakkwato zuwa Badagry mai tsawon fiye da kilomita 1,000, kuma Ministan Ayyuka David Umahi ya bayyana cewa an bar wa layin dogo fili a tsakiyarsa. Tun watan Maris na 2023 kuma, gyaran tsarin mulkin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ya ba jihohi ikon gina nasu layin dogo. Saboda haka ba sauran cewa maganar ta Abuja ce kaɗai.

Abin da ya fi damun taron shi ne inda za a ajiye tasha idan ranar ta zo. Da na gaba ake gane zurfin ruwa. 'Yan kasuwarmu da ke zirga-zirga Kaduna da Abuja sun ba da bayanin yadda tashar Rigasa take a gefen Kaduna, ta Idu kuma a bayan garin Abuja, sai fasinja ya ɗauki shatar mota ko Keke kafin ya kai ga jirgin, ya sake ɗaukar wata idan ya sauka. Haka tashar Moniya take a wajen Ibadan. Mai hali ba ya jin wannan. Talaka mai buhu biyu na albasa kuwa, idan ya haɗa kuɗin zuwa tasha da na dako da na tikiti, sai ya ga gara ya tsaya a bakin titi ya jira motar kasuwa. A ɗaya ɓangaren, Gusau da Funtuwa da Ƙaura sun bunƙasa ne saboda tsohuwar tasha tana manne da gari, kasuwa da masaƙa da ma'ajiyar kaya suka taso a kewayenta, 'yan dako da masu abinci da masu amalanke suka samu abin yi. Irin wannan tasha muke nema. Jirgin da zai tsaga gonakinmu, ya datse burtalin shanunmu, ya wuce da gudu daga Sakkwato sai Jega ba tare da ya tsaya ba, ba abin da zai bar mana sai ƙura da rigimar diyya.

A nan an samu saɓani, kuma taron ya ga ya dace a faɗe shi. Wasu wakilai, galibi daga Kebbe, sun ce mutumin da ba ya iya zuwa gonarsa saboda 'yan bindiga, wanda matarsa ke haihuwa a kan babur, maganar jirgi ba ta gabansa, kada ta ɗauke hankalin hukuma daga rijiya da kwalbati. Sun kuma tuna harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022, wanda ya tsayar da jigila har watan Disamba. Matasa da 'yan kasuwa suka amsa cewa taswirar layi a ofis ake zana ta shekaru kafin a ga digar farko, kuma garin da ya yi shiru lokacin zane ba zai samu tasha ba bayan an zuba kankare. Taron ya karɓi maganganun biyu. Ruwa da magani da makaranta da tsaro su ne na yau, su za a fara bi. Maganar tasha kuma yanzu za a shigar da ita a rubuce, tun kafin a zana ba tare da mu ba.

Matsayar taro

1. Muna kira ga Ma'aikatar Sufuri ta Tarayya da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya su fito da sakamakon nazarin layin Illela zuwa Sakkwato da Jega da Yawuri, su bayyana inda aka kwana. Muna kuma neman Ma'aikatar Ayyuka ta nuna wa jama'a taswirar dogon da aka ce zai bi titin Badagry, domin mu san tasha mafi kusa da mu da hanyar da za ta haɗa mu da ita. Duk layin da zai ratsa ƙasarmu, muna neman tashar fasinja da kaya a Tambuwal, da ƙaramar tasha a Dogon Daji, kowace a inda mai ɗauke da kaya a ka zai iya isa daga kasuwa, tare da kwalta mai kyau daga Kebbe zuwa tashar. A bar wa shanu da amalanke mashiga a kan kowane burtali, a kuma biya diyyar gona kafin a sa katafila.

2. Muna roƙon Mai Girma Gwamna Ahmed Aliyu ya tuntuɓi takwarorinsa na Kebbi da Zamfara su shigar da buƙatar dogo da murya ɗaya, su kuma sa Hukumar Raya Arewa maso Yamma, wadda aka kafa a 2024, ta ɗauke ta cikin manyan ayyukanta. Sanatanmu na Sakkwato ta Kudu, Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya wakilci Kebbe da Tambuwal daga 2003 zuwa 2015 har ya shugabanci Majalisar Wakilai, ya san wannan ƙasa lungu-lungu. Shi da ɗan majalisarmu na tarayya da na jiha muna neman su bi maganar a kasafin kuɗi, su dawo su gaya mana abin da aka ce.

3. Kafin a haƙa sabuwar rijiyar burtsatse, a gyara waɗanda suka mutu. Ƙananan hukumomin biyu su horar da matasa masu gyaran sola da fanfo a kowace mazaɓa, a kuma samar da wurin sayen kayan gyara a Tambuwal da Kebbe.

4. Kowace cibiyar lafiya ta mazaɓa ta samu ɗakin kwanan ma'aikaci, da ruwa, da wutar sola, da ungozoma mai kwana a garin. A ɗauki nauyin karatun 'ya'yan yankin a makarantun jinya da ungozoma bisa sharaɗin su dawo gida su yi aiki, domin ɗiyar gari ba ta gudun garinsu. A ƙauyukan Kebbe masu nisa a farfaɗo da asibitin sha-ka-tafi.

5. Inda firamare ta cika, a ƙara mata azuzuwan ƙaramar sakandare a harabarta, maimakon gina babbar makaranta a bayan gari.

6. Sakkwato tana cikin jihohin da ke amfana da shirin RAAMP na hanyoyin karkara, wanda Bankin Duniya ke tallafawa. Muna neman a bayyana hanyoyin Tambuwal da Kebbe da ke cikinsa, a kuma fifita kwalbatoci da ƙananan gadoji a kan mashigan da ke yanke garuruwa da damina.

7. Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024 ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Rijiya, kasuwa, tashar mota, firamare da ƙaramin asibiti duk suna cikin hurumin ƙaramar hukuma. Muna neman shugabannin Tambuwal da Kebbe su riƙa liƙa abin da ya shigo da abin da aka yi da shi a allon sakatariya kowane wata.

8. Duk abubuwan nan ba za su yi amfani ba idan mutum yana tsoron hanyar da ke tsakanin gidansa da su. Muna jinjina wa jami'an tsaro da ke bakin daga, muna kuma neman a ƙara su a garuruwan Kebbe da ke iyaka da Zamfara da Kebbi, a zaunar da su dindindin.

Abin da muka ɗora wa kanmu

Taron ya yarda cewa wani ɓangare na nisan nan mu muka jawo shi. Filayen makaranta da na asibiti da na kasuwa ana yanka su ana sayarwa, sabbin unguwanni suna tashi ba a bar ko wurin rijiya ba, kuma farantin sola da ke ɓacewa ba baƙo ke ɗauke shi ba. Muna roƙon iyayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni, Allah Ya ja zamaninsu, kada su sa hannu a kan wani sabon yankan filaye sai an ware na makaranta da ruwa da asibiti da hanya. Muna roƙon limamai su ɗauki maganar kare kayan jama'a a huɗuba.

An kafa kwamiti mai wakili daga kowace mazaɓa cikin 21, mata na ciki, wanda zai bi gari-gari da ƙafa da agogo, ya rubuta minti nawa ne daga tsakiyar kowane gari zuwa ruwa mai aiki, da cibiyar lafiya mai buɗewa da dare, da ƙaramar sakandare, da hanyar da mota ke bi da damina. Za a yi awon sau biyu, da rani da kuma tsakiyar damina. Za a miƙa sakamakon ga ƙananan hukumomin biyu da Majalisar Dokokin Jiha da Majalisar Sarkin Musulmi, a kuma karanta shi a gidajen rediyo da Hausa da Fulfulde. Zama na gaba a garin Kebbe za a yi shi.

Muna roƙon duk garin da 'yan kwamitin suka iso, a tarbe su, a nuna musu hanyar da mata da yara suke bi da gaske, kada a ɓoye komai don kunya ko don siyasa. 'Ya'yan Tambuwal da Kebbe mazauna Sakkwato, Kaduna, Abuja, Legas da ƙasashen waje, musamman injiniyoyi da masu safiyo da lauyoyi, muna buƙatar iliminku wajen rubuta takardar neman tasha, ku tuntuɓi ƙungiyoyin garuruwanku.

Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, amin.

Sa hannu:
Shugaban Taro
Sakataren Taro
A madadin dukkan mahalarta